Zuwa ga aminina, kan rigimar ba yaro magani

Assalamu alaikum.

Aminina, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Ya jikin ɗan namu? Allah Ya ba shi lafiya, ku kuma Ya ba ku ladan jinya.

Saƙonka ya iso ni. Ka yafe mini, sai da na yi dariya ni kaɗai da na zo inda ka ce kai da maiɗakinka, manya biyu, yaron da bai cika shekara uku ba ya gagare ku a kan cokali ɗaya na magani, har rigarka ta sha fiye da abin da ya shiga cikinsa. Ba dariyar mugunta ba ce. Kaina na tuna. Ka ce in gaya maka yadda muke yi tunda na riga ka tara yara, to maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Bari in fara da abin kunyar da na yi, don kada ka ɗauka gwani ne ke maka bayani. Watanni kaɗan da suka wuce Auta ya yi ciwon kunne, yana da shekara biyu da wata huɗu. Likita ya rubuta masa amoksisilin na ruwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta, sau uku a rana har kwana bakwai, da farasitamol saboda zazzaɓi da zafin kunnen. Ka lissafa, karo 21 ke nan na amoksisilin kaɗai. Mamansa kuma a makon tana can tana jinyar mahaifiyarta, sai dare take dawowa, don haka aikin ya faɗo kaina. Ranar farko na zo da cokali ina murmushi, ya dubi cokalin, ya dube ni, ya datse haƙora. Na lallaɓa, na yi rawa, na yi alkawarin duniya, ko gezau. Da rana ta yi haƙurina ya ƙare. Na kwantar da shi a cinyata, na danne hannuwansa, na toshe masa hanci, da ya buɗe baki zai ja numfashi na ɗura masa. Sai ya ƙware. Tari ya sarƙe shi, fuskarsa ta yi ja, idanunsa suka firfito, na 'yan daƙiƙu ko kukan ma ya kasa. Wallahi har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Da numfashin ya dawo sai ya amayar da maganin da duk abin da ke cikinsa, kuma har dare in na matso kusa da shi sai ya ruga bayan ƙofa.

Washegari na koma wurin mai ba da magani na faɗa mata gaskiyar abin da na yi. Ba ta yi mini faɗa ba, amma kallon da ta yi mini ya ishe ni. Ta ce yaron da aka toshe wa hanci buɗe bakinsa na neman iska ne, to duk ruwan da aka zuba a daidai wannan lokacin yana iya bin hanyar iska ya gangara huhu, kuma kwanciya rigingine na ƙara haɗarin. Don haka in ba ka riƙe komai daga wasiƙar nan ba, riƙe wannan: ban da toshe hanci, ban da ɗura a kwance, ban da ba shi yana tsakiyar ihu yana jan numfashi.

Ita ce ta miƙo mini sirinji marar allura, irin wanda ake ba yara magani da shi ta baki. Wannan ɗan abu shi ya raba gardama a gidana. Cokali yana buƙatar yaro ya yarda ya buɗe baki, kuma da ya kaɗa kai sau ɗaya rabi ya zube, ka rasa nawa ya sha nawa ya bi wuyansa. Sirinji kuwa ko ya datse haƙora akwai hanya ta gefen baki. Ka zaunar da shi a cinyarka, bayansa a ƙirjinka, kansa a miƙe. Ka zura bakin sirinjin ta gefe, tsakanin dasashi da kunci, ka nufi cikin kuncin can baya kaɗan, ka matsa ɗan kaɗan, kamar rabin mililita zuwa ɗaya, ka dakata sai ka ga ya haɗiye, sannan ka ƙara. Kada ka saita maƙogwaro kai tsaye, nan ne ake ƙwarewa. Kada kuma ka zuba a tsakiyar harshe, nan ne yake jin ɗanɗanon sosai kuma nan ne ya fi sauƙin furzarwa. Mililita 5 za ta iya cin minti biyu ko uku. Ka bar ta ta ci. Gaggawar gamawa ce ta kai ni ga abin da na ba ka labari.

Akwai wata fa'idar sirinji da ban taɓa tunani ba sai da ta nuna mini. Cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. In an ce ƙaramin cokali a wajen magani, mililita 5 ake nufi, amma ka ɗauko cokula uku daga kicin ka auna da sirinji ka ga bambanci. Maganin yara kuma da nauyin jiki ake auna shi, ba da ido ba. Auta kilo 12 yake a lokacin. Farasitamol ana lissafa shi kusan miligiram 15 a kowane kilo, ka ga miligiram 180 ke nan, wato mililita 7.5 na kwalbar da ke da miligiram 120 a cikin kowace mililita 5. To akwai wata kwalbar ta manyan yara mai miligiram 250 a mililita 5. In ka ba da mililita 7.5 daga waccan, ka ba shi fiye da ninki biyu, kuma farasitamol in ya yi yawa hanta yake taɓawa. Ba na kawo lissafin nan don ka kwafa ba ne, naka ɗan nauyinsa daban, ka bi abin da aka rubuta masa. Na kawo ne don ka riƙa karanta jikin kwalba duk sanda ka sayo sabuwa, kuma kada ya wuce sau huɗu a awa 24. Mu har takarda muka liƙa a bango muna rubuta lokaci, bayan ranar da na ba shi, mamansa ta shigo ba ta sani ba ta ɗauko kwalba za ta sake.

Amma ka san me? Sirinjin rabin aikin ne. Ragowar sai a kwana na uku na gano shi, shi ma bisa tsautsayi. Na ajiye sirinjin a kan tabarma na juya ɗauko ruwa, ina waigowa na tarar ya ɗauka yana cusa wa 'yar tsanar yayarsa a baki, yana ce mata “sha, sha” da irin muryar da nake masa. Na tsaya ina kallonsa. Sai na ce, to, tunda ita ta sha, saura wa? Ya nuna ni. Na zuba ruwa a wani sirinjin na sha, na yamutsa fuska, na ce akwai ɗaci amma na shanye. Saura wa? Ya yi shiru, sannan ya nuna kansa. Na riƙe sirinjin, ya ɗora babban yatsansa a kan nawa, muka matsa tare. Ya ɓata fuska, ya yi ɗan kuka, amma ya haɗiye.

Abin da na fahimta shi ne, yaro a wannan shekarun yanzu ya gano kalmar “a'a”, kuma bakinsa na cikin 'yan abubuwan da yake da iko da su a duniya. Kai ke zaɓar masa riga, kai ke cewa a kwanta, kai ke ɗaukarsa cak ka kai shi inda ba ya so. Ga shi ba shi da lafiya, jiki na ciwo, sai ga ƙato ya nufo bakinsa da abu mai ɗaci. Ni ma da zan datse. Kuma ɗacin nan ba shagwaɓa ba ce, yara sun fi manya jin ɗaci, halitta ce da ke kare su daga haɗiye abin da zai cutar da su, tunda abubuwa masu guba da yawa ɗaci gare su. Don haka na daina tambayarsa “za ka sha magani?”, domin tambayar da ka san ba za ka karɓi a'a a kanta ba yaudara ce, kuma yana ganewa. Sai in ce lokacin magani ya yi: a cinyata za ka zauna ko a kujera? Kai za ka matsa ko ni? Da kofin ja za ka kora ko da shuɗi? Shan ba ya cikin zaɓi, amma duk abin da ke kewaye da shan nasa ne. Za ka yi mamakin yadda wanda aka bari ya zaɓi kofi yake mantawa da cewa ba a tambaye shi ainihin maganar ba.

Ban ce kullum ta yi aiki ba. Akwai asubar da duk dabarata ta ƙare, zazzaɓi ya sa shi rigima, ko 'yar tsanar ma jifa ya yi da ita. A irin wannan sai mu koma riƙo, amma riƙo irin na runguma. Mamansa ta zaunar da shi a jikinta, ta naɗe hannuwansa da tawul, ta tallafe goshinsa, ni kuma in bi ta gefen kunci kaɗan-kaɗan ina masa magana a hankali. Ba tsawa, ba barazanar za a kai shi a yi masa allura. Wannan barazanar na roƙe ka ka bar ta, don ranar da allurar ta zama dole kai za ka sha wahalar tsoron da ka dasa. Da an gama sai a sake shi, a rungume, a yaba masa ko da da kuka ya sha. Na lura fuskata ma tana aiki: in na tunkaro shi a ɗaure kamar mai shirin kokawa, tun daga nesa yake shiryawa.

Ka tambaya ko za ka iya ɓoye maganin a cikin abinci. Ni ban cika so ba. In ka juye a kofi cike ya sha rabi ya ture, ba ka san nawa ya shiga ba, kuma ba ka da damar ƙarawa. In ya gano kuma, ya daina yarda da abincin, ka tashi da rigima biyu. In dole ne, ka fara tambayar mai ba da magani, don wasu magungunan ba sa jituwa da madara, sannan ka haɗa da loma ɗaya tak wadda ka tabbata zai cinye. Haka ƙwaya, kada ka daka ta sai ka tambaya. Wasu an lulluɓe su ne don su narke sannu a hankali a ciki, dakawa na ɓata wannan, wasu kuma in an fasa su ɗacinsu ya ninka. Abin da ya taimake mu shi ne ba shi ɗan abu mai sanyi ya tsotsa kafin magani, sanyi na dusashe ɗanɗano, da kuma ajiye ruwan korawa a hannu tun kafin a fara. Zuma kuwa, tunda na ji kana da jaririya a gida, kada a ba wanda bai cika shekara ɗaya ba, ko ɗigo.

Kuskure ɗaya da na ga mutanen kirki na yi: ce wa yaro magani alewa ne. Ranar zai sha, amma ka koya masa cewa abin da ke cikin kwalbar nan abin kwaɗayi ne, kuma maganin yara da yawa zaƙi gare shi. Wata rana kana barci zai taka kujera. Ka kira shi magani, ka ce zai sa kunne ya daina ciwo, ka ɗaga kwalbar inda ko ya hau wani abu ba zai kai ba. Asfirin kuma kada ya kusanci yaro sam sai in likita ne ya rubuta da kansa.

In ya yi amai bayan ya sha, kada ka yi saurin sakewa da kanka. Hukuncin ya danganta da irin maganin da kuma minti nawa suka wuce, don haka tun wajen karɓa ka tambaya: in ya amayar, me zan yi? Ka kuma tambaya ko maganin na da wani nau'in. Akwai amoksisilin na ƙwaya mai narkewa a ɗan ruwa kaɗan, akwai farasitamol da ake sa wa yaro ta dubura in amai ya hana komai zama, wani lokaci kuma likita na iya canza zuwa wanda ake sha sau biyu a maimakon uku. Ni ban san da wannan ba sai da na buɗe baki. Na ruwan da ake haɗawa daga gari kuma a girgiza shi kafin kowane sha, a ajiye yadda takardarsa ta ce, a zubar da ragowar in kwanakinsa sun cika.

Kwana na huɗu Auta ya warware, ya koma ɓarnarsa, sai zuciyata ta ce to me ya rage, a huta mana. Mamansa ce ta hana, ta ce kwana bakwai aka rubuta, bakwai za a yi, sauƙin da ka gani ba shi ne shaidar ƙwayoyin cutar sun mutu duka ba. Gaskiyarta. Kai ma in naku irin wannan ne, kada ka tsayar sai da izinin wanda ya rubuta. Amma in ka ga yaron ya ƙi shan komai har ruwa, ko duk abin da ya shiga sai ya dawo, ko numfashinsa na sauri, ko ya yi laushi ba ya ko rigimar, ko ya yi jijjiga, to an wuce maganar dabara, ku ɗauke shi sai asibiti ko tsakar dare ne. Yaron da ke da ƙarfin ture maka hannu ya fi kwantar mini da hankali a kan wanda ya yi lamo.

Sirinjin nan har yanzu yana nan, Auta ya mayar da shi kayan wasan wanka, duk wanda ya gifta sai an ba shi magani, har kyanwa ba ta tsira ba. Ka sayi biyu, ɗaya na aiki ɗaya nasa.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da jiki, ka shafa mini kan yaran. Mamansu Auta na gaishe ku, ta ce in gaya maka wai ka daina sa farar riga lokacin ba da magani. Ka rubuto mini yadda kuka ƙare.

Wassalam,
Naka amini.