Kafin a zuba wa kwarkwasa kalanzir

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina so in yi tsokaci kan shirinku na noma da kiwo, inda wani mai sauraro ya koka da kwarkwasa da ke shigar masa gida da damina, aka ce ya zuba musu kalanzir ko fiya-fiya. Ni dai a ganina an yi gaggawar ba da wannan shawara.

Kwarkwasar da muke gani a layi makafi ne, kuma ba su da jagora. Sarauniyarsu tana can cikin ƙasa, aikinta zuba ƙwai, miliyoyi a wata guda. Abin da ke haɗa kansu ƙanshi ne. Duk wadda ta yi gaba tana goga wani sinadari daga cikinta a ƙasa, ta bayanta ta shaƙa da 'yan ƙahonninta, ta bi, ta ƙara nata. Inda aka samu abinci sai zirga-zirga ta yi yawa, ƙanshin ya yi ƙarfi, sauran su karkato can. Inda ba komai kuwa, sawun ya gushe da kansa. Da haka gidan kwarkwasa ɗaya, wanda a Afirka yawansu kan kai miliyan 20, yake farauta ba tare da wani ya ba da umarni ba. Masu manyan kawuna da muƙamuƙan nan da ke jeruwa a gefen layi su ne masu gadi. In aka taka ɗaya sai ta saki wani ƙanshin daban na gargaɗi, kafin ka ankara sun hau maka wando.

'Yan'uwansu na dazukan Panama, a Amurka ta Tsakiya, an fi yin nazari a kansu. An ga masu dawowa da kaya suna bin tsakiyar hanya, masu fita suna bin gefe biyu, abin da direbobinmu a ranar kasuwar Maigatari har yau suka kasa. In an tarar da rami, wata kan kwanta a kai sauran su bi ta bayanta. In gibin ya yi faɗi, su sarƙe ƙafafu su zama gada.

Bin sawun yana da ranar da yake kashe su. Wani masanin halittu Ba'amurke, William Beebe, ya ba da labari a 1921 cewa a Gayana, a Kudancin Amurka, ya ga wasu da sawunsu ya haɗe ya zama da'ira mai kewayen kusan mita 370. Kowace sai ta yi awa biyu da rabi kafin ta zagayo, haka suka yi ta yi har da yawa suka mutu.

To, wanda ya san da ƙanshi suke tafiya, me zai sa ya zuba guba a tsakar gidan da yara ke wasa? Iyayenmu toka suke zagaye ƙofar ɗaki da ita, layin ya kauce. Ban ce ba su da haɗari ba. Jariri a tabarma, 'yan tsaki a akurki, akuya a turke, duk abin da ba zai iya gudu ba a fara ɗauke shi. Amma abin da suka fito nema shi ne tsutsa, kyankyaso, gara da makamantansu, kuma in sun share sai su wuce. Mutanen Mofu na duwatsun arewacin Kamaru har ɗauko wani nau'insu suke yi su kawo gida don ya kore musu gara.

Ina roƙo, ranka ya daɗe, ku gayyato masanin ƙwari daga Jami'ar Bayero ko Jami'ar Tarayya ta Dutse tun kafin ruwa ya sauka, a sake wannan tattaunawa, a kuma ba mu layin waya mu yi tambaya.

Naku,
Wani malamin makaranta,
Gwaram, Jihar Jigawa.