Wasiƙa Zuwa Ga Aminina: Daren Da Aka Buɗe Kakar Ƙwallon Kwando Ta Mata

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana nan lafiya tare da iyali baki ɗaya, kamar yadda muke a nan Amurka. Saƙonka ya iso ni, kuma na ga tambayar da ka ƙare da ita, inda ka ce tunda na matsa maka da labarin ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata ta jami'ar garin nan, to in faɗa maka abin da na gani a wasanta na farko, domin Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Na je wasan, na zauna tun daga farko har ƙarshe, kuma kwana biyu ke nan ina juya karin maganar taka a zuciyata. Zan ba ka labarin yadda aka yi, sannan in gaya maka inda na yarda da kai da inda na saɓa maka.

A makon farko na watan Nuwamba ake buɗe kakar wasannin jami'o'i a ƙasar nan, daidai lokacin da sanyi ya fara kankama, rana kuma take faɗuwa da wuri. Na isa zauren wasan kusan minti 40 kafin a fara, saboda ina son in ga 'yan wasan suna motsa jiki, kuma a nan ne mutum yake fara gane wadda hankalinta yake kwance da wadda gabanta yake faɗuwa. Makaɗan ɗalibai sun cika kusurwa guda da ganguna da kakaki irin nasu, iyaye sun zo da ƙananan 'yan mata sanye da rigunan ƙungiyar da suka yi musu yawa, ga kuma dattawa waɗanda suka saba yankar tikitin kaka gaba ɗaya, kowanne ya san kujerarsa. Zauren bai cika ba, amma da aka kashe fitilu aka fara kiran sunayen 'yan wasa biyar da za su fara, sowar da aka yi ta isa ta sa tsigar jikin mutum ta tashi.

Ya kamata ka san dalilin da ya sa kowa ya zo da zullumi. A tsarin hukumar NCAA, wadda take kula da wasannin jami'o'i, ɗaliba kaka huɗu take bugawa a bisa al'ada, daga nan sai ta ba wata wuri. Ƙari a kan haka, a 'yan shekarun nan an sassauta dokar sauya makaranta, ta yadda 'yar wasa za ta iya komawa wata jami'a ta ci gaba da bugawa ba tare da ta zauna shekara guda tana jira ba. Saboda haka ƙungiyar da ka sani a watan Maris ba lallai ita ce za ka tarar a Nuwamba ba. Mu ma abin da ya same mu ke nan, domin uku daga cikin waɗanda suka riƙe ƙungiyar bara sun kammala karatu, wata kuma ta koma wata makarantar. Rigar ce dai tana nan yadda take, amma yawancin masu sanye da ita sababbin fuska ne. Abokan karawar tamu kuwa daga wata ƙaramar jami'a suka zo, irin waɗanda manyan makarantu sukan biya su kuɗi su zo a buɗe kaka da su, a bisa tsammanin cewa za a doke su cikin sauƙi. Sai dai su ba su zo da wannan tunani ba.

Wasan mata a jami'a zango huɗu ne, kowanne minti 10, tun daga kakar 2015 zuwa 2016 da aka bar tsarin rabi biyu wanda maza har yanzu suke bi, kuma ƙungiyar da take riƙe da ƙwallo daƙiƙa 30 gare ta ta kai hari kwando, in ba haka ba ta rasa ta. A zangon farko wannan agogo ya zame mana abokin gaba. Sau biyu ƙaho ya yi ƙara ƙwallon tana hannunmu ba mu ko jefa ba, saboda kowace tana jiran 'yar'uwarta ta motsa, ita kuma waccan tana jiran ta. Ana jefa wa mutum ƙwallo a inda ta baro, ba a inda za ta ba. Baƙin kuwa sun daɗe suna wasa tare, sun san juna kamar tafin hannu, sai ga shi sun shige gaba, zauren ya yi tsit in ban da ƙarar takalma a kan katako.

Wadda nake son in ba ka labarinta ita ce wata yarinya 'yar ajin farko, wadda ba za ta wuce shekara 18 ba, aka kuma ɗora mata aikin rarraba ƙwallo, wato ita ce mai ɗauko ta daga baya ta tsara hari. Kujerata tana kusa da bencinmu, don haka na gan ta sosai. Tun ana taken ƙasa na lura tana ta goge tafin hannunta a jikin wando. Da aka fara wasa, ƙwallon farko da ta miƙa wata baƙuwa ce ta tare ta ta tafi ta ci, ta biyu kuwa waje ta fita kai tsaye. Ba a jima ba ta yi ƙeta har sau biyu, alhali biyar ne suke fitar da 'yar wasa gaba ɗaya, sai mai horarwa ta kira ta benci. Ta zo ta zauna a can ƙarshe, ta lulluɓe kanta da tawul.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi tsaya mini a rai cikin dukan daren. Mai horarwar ba ta ko waiwaye ta ba, domin hankalinta yana fili. Wata 'yar ajin ƙarshe, wadda ita aka ajiye a benci aka fara da yarinyar a madadinta, kuma wadda take da dalilin da za ta ji daɗin abin da ya faru, ita ce ta taso ta tsallake mutum huɗu, ta zauna kusa da ita, ta janye tawul ɗin a hankali. Ban ji abin da take faɗa mata ba, amma na ga tana nuna mata fili da yatsa, tana zana wani abu a tafin hannunta, har sai da yarinyar ta ɗaga kai ta fara kallon wasa. Bayan haka aka kira babbar ta shiga, ta tafi ta riƙe mana wasan har hutun rabin lokaci, muna baya da 'yar tazara.

A lokacin hutun na yi hira da wata dattijuwa da take zaune a gefena, wadda ta ce mini ita ma ta buga ƙwallon kwando tana makarantar sakandare, a zamanin da ake sa 'yan mata su yi shida da shida, uku masu hari a rabin fili, uku masu tsaro a ɗaya rabin, ba mai tsallake layin tsakiya, wai don kada gudu ya yi musu illa. Wannan tsari ya daɗe ƙwarai, har jihar Ayowa ba ta bar shi ba sai a 1993. Maganarta ta tuna mini da nisan tafiyar da aka yi. James Naismith ya ƙirƙiro wasan a 1891, shekara guda bayan haka Senda Berenson ta fara koya wa ɗalibai mata a Kwalejin Smith, kuma a 1896 Jami'ar Stanford ta doke ta Kalifoniya da ci 2 da 1 a karawar farko tsakanin jami'o'i biyu ta mata, wadda ba a bar maza sun shiga kallo ba. Amma ƙofar ba ta buɗu sosai ba sai a 1972, lokacin da Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar da ake kira Title IX, wadda ta haramta nuna bambanci tsakanin mace da namiji a duk makarantar da take karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Daga nan ne guraben karatu kyauta suka fara samuwa ga 'yan wasa mata, sai kuma a 1982 NCAA ta shirya gasar kofin mata ta farko. Dattijuwar ta ce duk lokacin da ta ga yarinya ta ɗauki ƙwallo daga wannan kwando ta ruga da ita har wancan, takan ji kamar bashinta ake biya mata. Na daɗe ban ji maganar da ta taɓa ni kamar wannan ba.

Da aka dawo, a tsakiyar zango na uku, mai horarwa ta sake tura yarinyar. Ni kaina na ji tsoro, na ce a raina an yi gaggawa. Amma wannan karon ba ta nemi ta burge kowa ba. Ta rage gudu, tana ɗaga hannu tana kiran tsarin da za a bi, tana miƙa ƙwallo gajere gajere. Can wata doguwar 'yar wasan baƙi ta taho a guje za ta kwando, sai yarinyar ta dasa ƙafafunta a gabanta ta tsaya cak, aka banke ta ta faɗi da baya, alƙaliyar wasa ta busa ta ce laifin mai harin ne. Kafin ta yunƙura, abokan wasanta huɗu sun iso kanta suna miƙa mata hannu, benci gaba ɗaya ya miƙe tsaye. Ba ta ci maki ko ɗaya da wannan ba, amma daga nan wasan ya juya.

Ƙarshen ya yi zafi. Saura ƙasa da minti ɗaya muna gaba da ƙyar, baƙin suka jefa ta maki uku daga bayan layi, wanda nisansa ya ɗan haura ƙafa 22, ta shiga, suka kamo mu. Mai horarwarmu ta nemi ɗan hutu, kuma a dokar wasan mata, idan aka yi haka a minti na ƙarshe, ana iya dawo da ƙwallo daga ɓangaren abokan karawa maimakon a faro daga baya. Aka ba yarinyar, masu tsaro biyu suka rufar mata, kowa a zauren yana ihu ta jefa. Ba ta jefa ba. Ta hango 'yar ajin ƙarshen nan, wadda ta janye mata tawul, ta sulale ta ƙarƙashin kwando ba mai tsaronta, ta buga mata ƙwallon a ƙasa ta tsakanin mutum biyu, ita kuma ta ɗora ta a kwando. Baƙin suka yi ƙoƙarin ramawa ba su dace ba, muka ƙara da jifan kyauta biyu, wato jifan da ake ba wadda aka yi wa ƙeta, aka tashi.

Yanzu bari in koma kan Larabarka. Idan sakamako kake nufi, to ban yarda da kai ba, kuma ina da hujja. A ranar 6 ga Nuwamban 2023 Jami'ar Jihar Luwiziyana, wadda take riƙe da kofi, aka kuma sa ta a matsayi na ɗaya a ƙasa, ta sha kashi a hannun Kolorado da ci 92 da 78 a wasanta na farko, amma duk da haka ta farfaɗo har ta kai cikin takwas na ƙarshe a gasar kofi. Wasa ɗaya cikin kusan 30 ba ya yanke wa kowa hukunci. Sai dai a wannan rana dai, a birnin Paris, ƙungiyar Jami'ar Karolina ta Kudu ta mai horarwa Dawn Staley, wadda ta rasa dukan 'yan wasa biyar da suke fara mata wasa a kakar da ta gabata, ta lallasa Notre Dame da ci 100 da 71, kuma ba a sake jin ta faɗi ba har ta ɗauki kofi a watan Afrilun 2024 da nasara 38 ba rashi, bayan ta doke Jami'ar Ayowa ta shahararriyar 'yar wasa Caitlin Clark da ci 87 da 75, a wasan da mutum fiye da miliyan 18 suka kalla a talabijin, adadin da ya zarce na wasan ƙarshe na maza a shekarar. A nan kuwa karin maganarka ta yi daidai. Abin da na fahimta shi ne, akwai abin da ake ganewa tun Laraba, amma a benci ake ganin sa, da kuma lokacin da wata ta yi kuskure ko ta faɗi ƙasa, kafin ya bayyana a allon maki. Na ga wannan a wurin 'yan matanmu, shi ya sa na fito da kwanciyar hankali fiye da yadda nasarar da ƙyar ta cancanta.

Ba zan ɓoye maka raunin da na gani ba. Ba mu da tsayi a ƙarƙashin kwando, kuma baƙin da ba su kai mu ba sun riƙa cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando suna sake jefawa, abin da manyan ƙungiyoyi ba za su yafe mana ba idan aka shiga wasannin rukuni bayan sabuwar shekara. Jifan kyauta ma mun zubar da yawa, wanda a ganina aikin atisaye ne kawai. Ina kuma jin cewa mai horarwa ta ɗora wa yarinyar nan kaya da wuri, ko da yake abin da ya faru a ƙarshe ya sa na rage ƙarfin wannan ra'ayi.

Bayan an tashi, 'yan wasan sun tsaya a bakin fili suna sa hannu a riguna da takardun ƙananan yara. Na hangi yarinyar a durƙushe a gaban wata 'yar ƙarama da ba ta fi shekara 6 ba, gwiwar hannunta ɗaure da ƙanƙara saboda faɗuwar da ta yi, tana rubuta mata suna a bayan riga, dattijuwar nan kuma tana tsaye tana jiran layi ya zo kanta.

Wasa na gaba a waje za su buga, don haka a talabijin zan kalla, kuma zan rubuto maka in ga ko abin da na hango zai ɗore a gaban 'yan kallon da ba namu ba. Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara, da duk wanda ya tambaye ni. Allah Ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka.