Wanda Ya Ce 'Yan Gudun Hijira Sun Fi Mu Jin Daɗi, Ya Zo Adre Ya Gani

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Tun daren Talata da na saurari shirinku raina yake a ɓace. Baƙon da kuka gayyato ya buɗe baki ya ce wai tallafin gwamnatocin waje ya sangarta 'yan gudun hijirar Sudan, har sun fi 'yan gari jin daɗi, saboda haka rage shi ba wani abu ba ne. Mai gabatarwa kuma ya ƙyale shi, ko "a ina ka gani?" bai tambaye shi ba. Wannan shirun ya fi maganar baƙon yi mini ciwo.

Ni ɗan kasuwa ne, shekara da shekaru ina kai sabulu da sukari da ganyen shayi daga Abeche zuwa Adre, garinmu na Chadi da ke bakin iyaka da Sudan. Ina can a watan Yunin 2023 lokacin da mutanen Janaina, babban birnin Darfur ta Yamma a Sudan, suka ɓarko suna gudun yaƙi bayan kisan gwamnan jihar, Khamis Abakar. Wasu a keken doki, mafi yawa a ƙafa, wasu da harsashi a jiki. Adre, garin da bai wuce mutum 40,000 ba, ya wayi gari da baƙi sama da 200,000. Kafin motar agaji ta farko ta iso gare su, matan gari ne suka riƙa fito da tuwo da ruwa a jarka. Da idona na ga mutane sun kafa itace huɗu sun yafa zanen gado, nan ne ɗakin iyali guda, ga damina ta kama.

Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa. Malamar makaranta ce a garinsu, yanzu bulo take ɗauka a ka a wajen masu ƙona shi. Ta zo rumfata da man girki rabin gora, wanda aka ba ta a rabo, ta ce in karɓa in ba ta sabulu sanda biyu da ɗan canjin niƙa. Da ta miƙo gorar na ga tafin hannunta duk ya tsage. Na ce, "Yaya, ki riƙe manki, ga sabulun." Ta ƙi. Ta ce ita ba bara ta zo ba. Irin wannan ne mutane ke hangowa su ce ai ga shi har sayar da kayan agaji suke yi. To dawa ana cin ta a tsaba ne? Kuɗin niƙa, itace, gishiri, maganin yaro, daga ina za su fito? Wannan ne jin daɗin da baƙonku yake nufi?

Kuma ya yi maganar kamar kuɗin na nan yana zuba. Tun farkon 2025 da Shugaba Trump ya dakatar da tallafin Amurka, aka zo aka rufe hukumar agajinta ta USAID, Birtaniya da Faransa da Jamus su ma suka zabtare nasu. A daidai lokacin ne aka far wa sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam a Darfur ta Arewa, sannan babban birnin jihar, El Fasher, ya faɗa hannun mayaƙan RSF masu yaƙar sojojin Sudan, sababbin mutane suka riƙa kwararowa Chadi ta garin Tine na bakin iyaka. Bakin ci ya ƙaru, kwano ya ragu. Ga tsofaffin sansanoni irin Farchana da ke nan tun 2004, yaran da aka haifa a can yau su ma sun haifi nasu.

Ban ce mu 'yan gari ba mu ji jiki ba. Mun ji. Itace ya yi nisa, layin rijiya ya yi tsawo, kwanon gero ya tashi. Amma duk watan da rabo ya makara, kasuwarmu ɗaya da su, kuma farashin a kanmu duka yake hawa. Rage musu ba ya ƙara mini ko tsaba ɗaya. Abin da nake tsoro shi ne irin wannan magana ta fito daga rediyo ta sauka a bakin rijiya, inda mata suka kwana a layi rai a ɓace. Ku aiko wakili ya kwana biyu a Adre, ya ba matan nan makirufo su faɗa da bakinsu. Cikinsu har da Hausawan Sudan, jikokin alhazan da suka bi ta Abeche a ƙafa, ba sai kun nemi tafinta ba.

Sai wani abu kuma. Saƙo nawa muka aiko daga Chadi ba a karanta ba? Kullum Kano, Maraɗi, Damagaram. Sau uku ina turo gaisuwar rasuwar wana, ban ji ta ba har yau. Mu ma da batir ɗinmu muke saurare.

Mai sauraronku,
daga Abeche, Chadi.