Yabon gwani ya zama dole: godiya ga masu gyaran ƙafar motata

Zuwa ga Oga mai gareji da dukkan ma'aikatansa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Na riga na yi muku godiya baki da baki ranar da na karɓi mukulli, amma na ga aikin da kuka yi wa ƙafar motata, Golf GTI, ya wuce a gode a kusurwar gareji a watse. Shi ya sa na rubuto a bainar jama'a, don masu irin waɗannan motoci su ji yadda ake yi.

Kukan da na zo da shi bai da yawa. In na shiga kwana da gudu a filin tsere, sai bodi ya kwanta gefe guda, hancin motar kuma ya ƙi bin sitiyari, ya riƙa zamewa waje. Ga wata ƙara ƙwas-ƙwas daga baya duk lokacin da taya ɗaya ta taka gargada. Oga, kafin ka taɓa sifana sai da ka yi mini tambayar da ba a taɓa yi mini ba: a ina take ƙin juyawa, wajen shiga kwana ƙafa na kan burki, ko a tsakiya, ko wajen fita an taka totur? Ka ce kowanne da maganinsa. Shok shi ke da iko a lokacin da nauyi ke kan hanyar komawa gefe, wato shiga da fita. In mota ta riga ta zauna a tsakiyar kwana kuwa, magana ta koma hannun sifirin da ƙarfen sitabilaiza, wato sandar da ke rage wa bodi kwanciya gefe. Tawa a tsakiya take yi.

Duk da haka ba ku yi gaggawar sayar mini da komai ba. Kun fara da auna iskar tayoyi, kuka duba bol-jon da tayarod, kuka bi bushin ɗaya bayan ɗaya da fitila. Yaronku ya kira ni ƙarƙashin motar, ya sa ƙarfe ya ɗan banƙare robar da ke riƙe da sitabilaizar baya, sai ga ta duk ta tsattsage, ƙarfen yana wasa a ciki. Ƙarar ke nan. Kuka kuma gano cewa tun lokacin da aka sa wa motar shok mai daidaituwa aka rage mata tsayi, ba a sauya ƙananan sandunan da ke haɗa sitabilaiza da ƙafa ba, don haka ƙarfen ya zauna a karkace.

Bayanin da ka yi mini a kan wannan ƙarfe shi ne abin da na fi ƙaruwa da shi. Sanda ce ta ƙarfe mai lanƙwasa a baki biyu, ta haɗa ƙafar dama da ta hagu. In tayoyin biyu suka hau tudu tare, juyawa kawai take yi a mazauninta, ba ruwanta. Amma in ɗaya ta yi sama ɗaya ta yi ƙasa, kamar yadda ake samu a kwana, sai ta murɗe kamar ana matse wanki, ta riƙa turjiya, bodi ya rage kwanciya. Dabarar ma tsohuwa ce, tun 1919 wani ɗan Kanada, Stephen Coleman, ya yi rajistar mallakarta. Abin da ya ba ni mamaki shi ne lissafin kauri. Ka ɗauki biro ka nuna mini cewa taurin sandar yana bin kaurinta ne a ninka da kansa har sau huɗu. Daga milimita 20 zuwa 22 ido bai cika ganin bambanci ba, alhali tauri ya ƙaru da kusan kashi 46 cikin 100. Don haka ne ma ake yin wasu da rami a ciki: fatar waje ce ke ɗaukar mafi yawan murɗar, sai a rage nauyi ba tare da an yi asarar tauri sosai ba.

Sai babbar maganar, wadda yawancin masu sayen kaya a intanet ba sa ji. Ƙarfen nan ba ya rage yawan nauyin da ke komawa tayoyin waje a kwana. Wannan nauyin motar, da tsayin cibiyar nauyinta daga ƙasa, da faɗin tsakanin tayoyi, da ƙarfin kwanar su ke yanke shi. Abin da sitabilaiza ke yi shi ne raba wannan nauyi tsakanin gaba da baya. Ɓangaren da ya fi tauri shi ke ɗaukar kaso mafi girma, kuma shi ke fara zamewa, domin taya in aka ninka mata kaya ba ta ninka riƙonta. Mota mai ja da gaba irin tawa dama kusan kashi 60 na nauyinta a gaba yake, tayoyin gaban su ne ke juya ta, su ne kuma ke jan ta. In aka ƙara musu ƙarfe mai kauri, zamewar hanci ƙaruwa za ta yi, tayar ciki kuma ta riƙa juyawa a banza wajen fita kwana. Kuna da na gaba da na baya a ajiye, da kun haɗa mini duka ba zan ce uffan ba. Sai kuka bar na gaban yadda yake, kuka sauya na baya kaɗai. A ganina nan ne aka bambanta mai sana'a da mai neman ciniki.

Wanda kuka ɗaura yana da huji uku a kowane baki. Na can ƙarshe ya fi laushi saboda hannun ya fi tsawo, na ciki ya fi tauri. Kuka fara da mai laushin, kuka gargaɗe ni cewa baya in ya yi tauri fiye da kima, mutum na ɗage ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, musamman kan jiƙaƙƙiyar kwalta, zai ji bayan motar ya wulwulo. Kamfanoni ma da gangan suke sa motocinsu su fi zamewa ta gaba, don ita ce direba ya fi iya shawo kanta.

Yadda aka ɗaura shi ma abin kallo ne. Ba a ƙarasa ɗaure notin bushin ƙafa ba sai da aka sauke motar ta tsaya kan tayoyinta, don kada robar ta zauna a murɗe. Sababbin bushin sitabilaizar na foliyuretan ne, wata irin roba mai tauri, aka cika su da giris ɗinsu don kada su yi ƙugi. Aka daidaita tsawon sandunan haɗi har ƙusa ta shiga hujinta da yatsa, ba duka ba dannawa. Kowane noti da sifanar awo aka ɗaure shi, yaron nan yana bi yana ɗiga masa fenti rawaya.

Daga nan kuka hau da ita kan sikeli huɗu, kuka aza nauyi daidai nawa a kujerar direba, kuka yi ta juya zoben shok har nauyin gaba-dama da baya-hagu ya zama rabin na motar, don ta ɗauki kwanar dama kamar ta hagu. Aka yi alaimen, aka ɗan kwantar da kan tayoyin gaba ciki. A filin gwaji ina tsayawa kuke soka ma'aunin zafi a wuri uku a faɗin taya, ciki da tsakiya da waje. Wajen ya fi zafi, kuka ƙara kwantarwar kaɗan. Shok kuwa danni ɗaya kuke juyawa, a gwada, a rubuta, ba ku taɓa sauya abu biyu lokaci guda ba. A ƙarshe aka tsayar da sitabilaizar baya a hujin tsakiya.

Yanzu ina karkata sitiyari hanci ke bi, ba sai na jira ba, tayoyin gaba kuma sun daina cinyewa ta gefe. Ba ku ɓoye mini abin da zan rasa ba: in taya ɗaya ta faɗa rami, na fi jin girgizar fiye da da. Haka yake, kuma na yarda da cinikin.

Na gode da takardar da kuka ba ni mai ɗauke da dukkan awon, da tsofaffin kayan da kuka zuba mini a but ban roƙa ba. Zan kawo ta a duba notuna a ƙara giris kamar yadda kuka ce. A gaishe mini da yaron nan mai fenti, Oga ka riƙe shi da kyau, hannunsa na da tsabta. Allah ya ƙara basira, ya sa albarka a sana'a, ya kawo kasuwa.

Naku,
Abokin cinikinku mai Golf GTI