A bar ƙananan 'yan hoki su yi wasa a gicciye

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a shafin wasanni mu tofa albarkacin bakinmu kan gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin iyaye da masu horar da yara hokin ƙanƙara: ɗan shekara bakwai ya buga a cikakken fili, ko a raba filin a buga a gicciye? Mu dai muna bayan gicciye, amma da sharaɗi.

Filin NHL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, tsawonsa ƙafa 200 ne, faɗinsa 85, kuma don ƙarti aka auna shi. A zuba yara goma a ciki a ga abin da zai faru. Wanda ya fi sauri zai fizgi faifan robar da ake bugawa a madadin ƙwallo ya zura da gudu shi kaɗai, tara suna binsa a baya kamar 'yan rakiya, gola kuwa yana can ƙarshen fili sanyi na cinsa, an daɗe ba a harbo masa komai ba. Shi kansa mai saurin bai ƙaru ba, don babu wanda ya matse shi balle ya koyi ɗaga kai ya miƙa wa ɗan'uwansa.

Rabon ba wuya. Ana jera shingen soso a kan shuɗayen layuka biyu da suka ratsa faɗin filin, fili ya kasu uku. A kowane ɓangaren ƙarshe a ajiye raga biyu suna fuskantar juna daga gefe zuwa gefe, faɗin nan na ƙafa 85 ya koma tsawo. A bar sarari bayan raga yadda yaro zai iya zagayawa. Tsakiya ta zama wurin atisaye ko wurin jiran canji. Wasa biyu ke nan a lokaci guda, kuɗin hayar fili ya rabu kan iyaye da yawa.

Hukumar hoki ta Amurka, USA Hockey, ta ɗauki wannan hanya a tsarin renon 'yan wasa da ta fito da shi a 2009. Ta Kanada kuwa, Hockey Canada, ta wajabta ta ga 'yan shekara biyar da shida daga kakar 2017-18, sannan rabin fili ga 'yan bakwai da takwas daga 2019-20. Da aka bi diddigin yara a Amurka da na'urorin auna wasa, an ga taɓa faifai ya ninka biyu a ƙaramin fili, harbin raga ya ninka shida.

Sharaɗin shi ne a yi abin yadda ya kamata, kuma nan ake yawan kwafsawa. Wani koci zai raba fili amma ya bar biyar da biyar, sai yara su dunƙule wuri guda suna saran ƙanƙara da sanduna. Uku da uku ko huɗu da huɗu, ban da gola, shi ne daidai. Wani zai kawo baƙin faifan manya mai nauyin gram 170, alhali akwai shuɗi mai kimanin gram 113 da aka yi don yara. Mai nauyin yana sa yaro ya sauke hannunsa ƙasa ya ture da dukan jikinsa, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar cirewa. Haka raga: ta manya ƙafa shida ce a huɗu, ƙaramin gola ba zai iya rufe samanta ba ko ya yi tsalle, sai ya saba da zubewa ƙasa tun ba a harba ba. Mai ƙafa huɗu a uku ta fi dacewa. Canji kuma a ɗaura shi a kan ƙararrawa, minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kowa ya fita kowa ya shiga. In an ci, ko gola ya danne faifai, masu kai hari su ja baya wasa ya ci gaba. Tsayawa jera yara bayan kowace ci yana cinye lokacin da aka biya.

Iyaye sukan ce yaro ba zai koyi dokar satar gida ba. Gaskiya ne, amma wannan aikin 'yan makonni ne ga ɗan shekara tara. Juyi a ƙuntataccen wuri da kare faifai da jiki kuwa shekaru suke ci. Ƙorafin da ya fi nauyi a wurinmu shi ne na dogon taku: ƙafa 85 ba ta isa yaro ya kai ƙarshen saurinsa ba. Maganinsa a ware minti goma a kowane atisaye a cire shinge, a yi tseren tsawon fili gaba da baya.

Kada kuma a jefa su cikakken fili rana ɗaya. A Kanada ana barin 'yan ajin ƙasa da shekara tara su fara gwada shi bayan tsakiyar Janairu. Muna ba da shawarar a fara da atisayen da za a nuna musu shuɗin layi da canji ana cikin wasa, kafin a kira alƙali a fara ƙirga ci.

Naku,
Wasu masu horar da yara hokin ƙanƙara