Amsa ga wanda ya tambayi nawa aka biya ni

Malam, assalamu alaikum.

A shirin rediyo na ranar Asabar ka ambaci sunana, ka ce likitan nan da ke kiran iyaye su kai yara rigakafi, ina yake lokacin gwajin Trovan a Kano, kuma nawa Turawa suka biya shi?

Ina nan Zariya, a kan aikina. Abin da ya faru kuwa ban taɓa ɓoye shi ba, ina karantar da shi ga ɗalibaina. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan da yara 200, guda 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba wanda ya faɗa musu gwaji ne. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Tun 1947, bayan shari'ar likitocin Jamus a Nuremberg, aka shimfiɗa ƙa'idar cewa ba a gwaji a jikin mutum sai da saninsa da yardarsa. Haƙƙin da iyayen suka ce an danne musu ke nan, kuma ina tare da su.

Amma batun biya, wallahi ya ƙona mini rai. Ka shiga Tudun Wada ko Shika ka tambayi uwayen da muka kwana tare a kan gadon 'ya'yansu. Aikin nan ba aro muka yi ba. Ɗan Wusasa ne, Dakta Barau Dikko, ya zama likitan farko a Arewa, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani tun kafin zuwan Bature. Yau yaranmu sun san sunan asibitin Barau Dikko da ke Kaduna, ba su san mai sunan ba, shi ya sa kowa ke iya kiran likita ɗan koren Turawa.

Irin maganarka aka yi a 2003, aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, cutar ta bazu har ƙasashen maƙwabta. Yaran da suka shanye a lokacin, yanzu magidanta ne.

Ba ka kuma faɗa wa masu sauraro cewa kana sayar da maganin basir da shawara a bayan mota da lasifika ba. Su wa aka gwada shi a kansu, kuma sun sani? Ka zo da kwalbar da lambar NAFDAC ɗinta ranar Asabar mai zuwa, ni ma zan zo.

Wassalam.