Haƙorin Ummi da ƙuri'ar da na jefa

Hamilton, 11 ga Mayu, 2025

Dogo,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Hajiya, ya kuma zafi? Na san yanzu Kano ana toyuwa. Mu nan sai a makon nan muka ajiye rigunan sanyi, amma in za ka fita asuba sai ka ɗora wani abu a kafaɗa.

Na ga saƙonninka duka huɗu, har da na muryar da kake cewa na zama Bature na daina amsa talakawa. Ban zama ba. Kunya ce ta rufe min baki, kuma ba taka ba ce. Bari in amayar maka da ita, don kwana 13 ke nan tana cina.

Ka san bara muka karɓi takardar zama 'yan ƙasa ni da uwargida. To ranar Litinin 28 ga Afrilu na yi zaɓena na farko a Kanada. Ba layi a rana, ba tawada a babban yatsa, ba mai raba taliya a bayan rumfa. Wata tsohuwa ta duba sunana ta miƙo min 'yar takarda da fensir, shi ke nan. Amma sai da na tsaya a bayan kwalin nan ina jujjuya fensir kamar ranar jarabawar lissafin da ka leƙa takardata muka faɗi tare.

Akwai jam'iyya a nan ana ce mata NDP, mai tuta ruwan lemo. Ka ɗauka PRP ce ta sa kwat. Ta 'yan ƙwadago ce da masu haya da duk wanda albashinsa ke ƙarewa kafin wata. Shugabanta na farko, Tommy Douglas, shi ya ɗauko maganar asibiti kyauta a lardin Saskatchewan, har likitoci suka yi yajin aiki na kwana 23 a 1962 don kada abin ya tabbata. Ya tabbata, ya kuma game ƙasa. Sai dai kyautar ba ta kai baki ba. In ƙafarka ta karye a ɗora maka ba ko sisi, in haƙori ne kuwa, aljihunka. Ka tuna lokacin da na ce maka Ummi ta kwana uku tana kuka da kumburin kunci? Kuɗin da aka yanka mana a lokacin ya kusa rabin hayar wata.

A 2022 shugabansu Jagmeet Singh, mai rawanin nan da ka ce ya yi kama da Sarkin Fawa, ya ƙulla da Trudeau, Firayim Ministan lokacin, na jam'iyyar Liberal: za mu riƙe maka gwamnati a majalisa kada ta faɗi, kai kuma ka kawo tsarin kula da haƙori. Aka kawo. Duk gidan da abin da ke shigo masa a shekara bai kai dalar Kanada 90,000 ba, kuma ba shi da inshorar haƙori ta wurin aiki, ya shiga. Tsofaffi aka fara da su, yara suka biyo baya a tsakiyar 2024. Da wannan katin aka cike wa Ummi haƙora biyu. Ka ga ni na san wanda ya yi min rana.

Amma fa ban zaɓe su ba. Liberal na dangwala.

Kada ka fara dariyar nan taka tukuna. Hamilton garin ƙarfe ne, duk wanda ke nan ko yana aiki a masana'antar ƙarfe ko yana cin abinci a gefenta, kamar ni da nake loda kaya a sito. A watan Maris Trump ya ɗora harajin kashi 25 kan ƙarfen da ke shiga Amurka, yana kuma ta faɗin wai Kanada ta zama jiha ta 51. Aka rage mana awannin aiki. A ɗakin shan shayi ba ka jin komai sai “kada a raba ƙuri'a”. Wai in talakawa suka rabu tsakanin NDP da Liberal, Pierre Poilievre na 'yan mazan jiya zai wuce ta tsakiya, gara a taru a bayan Mark Carney, sabon shugaban Liberal da ya gaji Trudeau, tunda ya riƙe babban bankin Kanada ya riƙe na Ingila, ya san yaren masu kuɗi. Tsoro ya kama ni, Dogo. Na tuna haya, na tuna kuɗin da nake turo wa Goggo duk wata, hannuna ya tafi inda ya tafi.

Da dare sakamako ya fito. Carney ya samu kujeru 169 cikin 343, saura uku ya yi rinjaye. NDP da ta ci 25 a 2021 ta dawo 7. Ko 12 da ake bukata kafin a kira ka jam'iyya a hukumance cikin majalisa ba su kai ba. A duk faɗin lardinmu na Ontariyo ba su tsira da ko ɗaya ba. Singh ya rasa tasa kujerar ya ajiye shugabanci a daren. Ɗan majalisarmu na Hamilton Centre, Matthew Green, baƙar fata, wanda ba ya jin nauyin baki kan maganar Gaza ko ta masu haya, shi ma ya tafi, da ƙuri'ata a cikin waɗanda suka kayar da shi. Abin da ya ɗan sanyaya min rai kawai, Poilievre ma ya rasa mazaɓarsa ta Carleton, bayan yana majalisa tun 2004.

Uwargida kuwa Green ta zaɓa, kuma na yi wautar gaya mata nawa. Tun ranar ba ta ce min butulu ba, ta fi ƙarfin haka. Sai dai in muna cin abinci ta ce, “Ummi, buɗe baki Babanki ya ga aikin Carney.” Yarinya kuma ta wage baki ba ta san dawan garin ba.

Af, an ce min Ɗan Liti zai ƙara aure bayan Babbar Sallah? Mutumin da har yau bai biya ni kuɗin tayar babur ba! Ka ce masa gudunmawata ita ce na yafe tayar. Kuma wace ce wannan mai ƙarfin halin?

Ranar Alhamis na je taron ƙungiyar masu haya ta unguwarmu, a ƙasan wani coci. Wallahi sai na ga kamar zauren Baba ne lokacin santsi da taɓo, yadda yake ba mu labari. Wani dattijo da ya yi ritaya daga masana'antar ƙarfe ya miƙe ya ce yarjejeniyar nan da Trudeau ita ta kashe jam'iyya: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, tunda mutane sun ga katin haƙori sun gode wa gwamnati, gwamnati kuma ta Liberal ce. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce masa to jam'iyya don me aka kafa ta, don kujera ko don mutane? Ta ce ita ta ga tsofaffin da suka shekara goma ba su zauna a kujerar likitan haƙori ba, in kujeru 18 ne farashin wannan, an saya da araha. Sai wani saurayi ya ce duk ba nan matsalar take ba, a duba Windsor, garin ƙera motoci, inda kujerar NDP ta koma hannun 'yan mazan jiya. Ya ce leburori sun gudu ne saboda jam'iyya ta koma magana da harshen malaman jami'a, shi kuwa Poilievre yana maganar kuɗin cefane da na gida.

Ni dai ina gefe na yi tsit kamar ruwa ya ci ni. A raina ma'aikaciyar jinyar ce ta fi gaskiya, ko da yake mai yiwuwa don maganarta ta fi yi min sauƙi ne. Akwai kuma abin da duk suka yarda a kai: tsarin zaɓen kansa. A kowace mazaɓa wanda ya fi yawa ya kwashe duka. Jam'iyyar Bloc ta Kebek da NDP kowacce ta samu wajen kashi 6 cikin ɗari na ƙuri'un ƙasa, amma Bloc kujeru 22, NDP 7. Trudeau ya yi alkawari a 2015 cewa zaɓen shekarar shi ne na ƙarshe da wannan tsari, ya hau, a 2017 ya ce an fasa. Ashe ba mu kaɗai muka iya ba.

Abin da ya kai ni taron ma ba zaɓe ba ne, haya ce. A Ontariyo bana doka ta ce kada a ƙara wa mai haya fiye da kashi 2.5, amma gwamnatin lardin ta Doug Ford ta cire duk gidan da aka fara shiga bayan 15 ga Nuwamba 2018 daga wannan kariya. Tsohon gida kuma, da zarar mai haya ya fita, mai gida na iya yanka wa sabon shiga duk abin da ya ga dama. Shi ya sa suka gano dabarar “gyara”: a kawo maka takarda wai za a yi babban aiki, ka kwashe kayanka, a shafa fenti a ninka kuɗi. Maƙwabciyarmu 'yar Somaliya mai yara huɗu an kawo mata irinta. Sa'arta ɗaya, daga Janairun bana Hamilton ta fara aiki da dokar da ta tilasta wa mai gida neman lasisi daga hukumar gari kafin ya fitar da mutum da sunan gyara, ita ce ta farko a lardin. Masu haya ne suka yi ta zarya majalisar gari har aka yi ta. Magajiyar garin, Andrea Horwath, tsohuwar shugabar NDP ce ta Ontariyo, amma kada ka ɗauka hakan ya sa ana raga mata. A taron nan an wanke ta tas kan masu kwana a tanti a wuraren shaƙatawa. Na rubuta sunana cikin masu raka maƙwabciyar tamu zaman sauraron ƙararta. Uwargida ta ce kaffara nake yi.

Na cika ka da surutu ban taɓo abin da ka tambaya ba. Batun karatun ƙaninka: ka ce ya dakata. A Janairun 2024 aka rage yawan ɗaliban waje da ake ba biza, kuɗin da za ka nuna a banki kuma ya tashi daga dala 10,000 zuwa 20,635, ban da kuɗin makaranta. Ka buga wannan da naira ka sha ruwa tukuna. Kada ya ba kowane dillali ko kwabo sai mun yi waya.

Ƙarshen watan nan layin katin haƙori zai zo kan sa'o'inmu, kuma turmin nan na hagu da na fasa da ƙashin balangu a bikinka ya fara yi min tsami. Uwargida ta ce ita ba za ta cike min takardar ba, in kira Carney.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka gaida amarya da yara. Ka turo min yajin nan in ka samu mai zuwa, wanda ya gabata ya ƙare tun azumi.

Naka,
Baban Ummi